Tutar Gidan Durel

Duk amaryar da aka ɗaura wa aure a Sainte Odile tun daga 1960 har ƙarshen ƙarnin, fara ce ko baƙa, da wuya ka samu wadda ba Ozemie Durel ce ta ɗinka mata riga ba. Gidanta na katako yana bayan masana'antar jatan lande, a unguwar da muke kira Bayan Ruwa, kekenta na ɗinki a bakin taga. In ka wuce da hantsi za ka hango ta a sunkuye, tabarau a kan hanci, allurai jere a leɓe.

An haife ta a 1934, ta biyar cikin 'ya'ya bakwai. Tana 'yar shekara tara ta fara bin uwarta masana'anta. Jiniya na kaɗawa su fita, su wuni a tsaye suna ɓare jatan lande, ruwansa na cin yatsu har sai fata ta saɓule, da yamma a tsoma hannu cikin ruwan alif don ya yi tauri gobe a koma. Wata rana uwar ta kama hannun yarinyar ta juya shi, ta ce wannan ba a nan zai ƙare ba. Ta kai ta wurin wata tsohuwar tela, ta koyi sana'a. Ta taɓa yin saurayi, Wilfred, wanda ya tafi Chicago neman aiki ya aiko mata da tikitin jirgin ƙasa har sau biyu. Lokacin uwarta na kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Ta mayar masa da tikitin duka biyun, ba ta kuma sake sauraron wani ba.

Gidan Durel biyu ne a garin, kowa ya sani, ba mai faɗa. Tushensu ɗaya, Mathurin Durel, kafintan jirgin da ya kawo Faransawa wannan gaɓa ta Mississippi. Jikansa Etienne yana da matarsa fara a bakin teku, yana kuma da Celeste, baƙar mace 'yantacciya, a Bayan Ruwa, wadda ta haifa masa 'ya'ya huɗu ya ba su sunansa. Daga nan reshen ya rabu. Coci ɗaya suke zuwa, amma Ozemie ta girma tana zama a bencin baya, tana kallon ƙeyar mutanen da ke amsa sunan ubanta.

Kowace shekara a watan Afrilu gari na yin bikin Sauka, na tunawa da ranar da Faransawa suka fara sauka a gaɓar. A shigo da kwalekwale daga teku, maza sanye da kayan mutanen da, su kafa gicciye da tuta a yashi, a buga igwa. Shekara talatin da huɗu Ozemie ce ke ɗinka kayan: riguna masu maɓallan tagulla, huluna masu kusurwa uku, har da safa. Amma na 1999 daban ne, don shekara ɗari uku ke nan cif. Baƙi za su zo daga Faransa, za a nuna a talabijin. Kwamiti ya kuma ƙara wani sabon abu: zuriyar kowane gida cikin gidajen farko da suka kafa garin za su yi jerin gwano daga bakin teku zuwa coci, kowane gida a bayan tutarsa, a karanta sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Tutocin ma ita aka ba ɗinkinsu. Aka kawo mata takardar sunaye don ta san waɗanda za ta auna. Ƙarƙashin Durel mutum arba'in da ɗaya ne. Ta karanta sau biyu, ta ninke takardar ta danne ta da almakashi.

Shugaban kwamitin shi ne Harlan Durel, mai kamfanin sayar wa masunta ƙanƙara da mai, shi ne kuma zai fito a matsayin kwamandan jirgi. Ta girme shi da shekara tara, amma ita Mista Harlan take ce masa, shi kuwa Ozemie kawai. Saura mako uku ya zo gwajin riga.

“Ɗaga hannu, Mista Harlan. Tumbin nan ya ƙaru da inci biyu tun Kirsimeti.”

“Laifin matata ne da miyar gumbonta,” in ji shi yana dariya. “Ki saki ɗinkin kaɗan, kada in fashe a gaban Faransawa.”

Ta durƙusa tana kafa allura a gefen rigar. Ba ta ɗago ba ta ce, “Na ga takardar sunaye.”

“Ai kin ga aiki. Kusan mutum ɗari biyu.”

“Ban ga sunan yayana Alcide ba. Ban ga nawa ba.”

Ya fara dariya, sai ya ga ba wasa take yi ba. Ya dubi bango.

“Kin san ba ni kaɗai ba ne kwamiti. Ƙa'idar da aka sa ita ce sai da takarda. Littafin baftisma, ko wani abu haka.”

“Littafin da guguwar Camille ta kwashe da rabin cocin?”

“To kin gani.”

“Naku takardun a ina suka tsira?”

“Haba, Ozemie. Namu ai kowa ya sani.”

“Namu ma kowa ya sani. Ga madubi nan a gabanka. Dubi hancinka, ka je ka dubi na Alcide.”

Wuyansa ya yi ja har kunne. Ya ce, a hankali, kamar mai lallashin yaro, “Ba ranar tonon silili ba ce wannan. Duniya za ta zuba mana ido. Ki bari biki ya wuce mu zauna, ni da ke, na yi miki alkawari.”

Ta cire allurar ƙarshe daga bakinta. “Tun ina goye ake cewa a bari biki ya wuce. Sauke hannunka, na gama.”

Da yamma ta je wurin Alcide, gida uku tsakaninsu. Ya kai saba'in, ya yi ritaya daga ma'aikatar ƙera jiragen ruwa, yana ɗingishi da sanda. Ɗingishin yana da tarihi. Wata Lahadi a 1960, lokacin da bakin teku na farare ne kaɗai, shi da wasu samari suka je suka shiga ruwa da gangan. Gungun mutane suka far musu da sarƙoƙi da bututun ƙarfe, aka farfasa masa gwiwa a kan yashin. Doka ta canza daga baya, kowa na zuwa wanka, amma Alcide bai sake taka yashin nan ba. Shekara talatin da tara, ko a mota ne in an biyo titin bakin teku sai ya juya kansa.

Ta same shi a baranda yana gyaran tarkon ƙaguwa. Ta gaya masa yadda suka yi, ta kuma ce ita dai za ta bi bayan tutar, da suna ko ba suna.

“Ke fa kunnen ƙashi gare ki tun kina tsumma,” in ji shi. “Ƙyalle ne fa. Ke kika ɗinka shi. In tuta kike so, ɗinka wata ki rataya a banɗaki.”

“Sunan Baba ne a jiki, Yaya.”

“Baba ya mutu ba tuta, bai kuma yi fatalwa ba. Ki bar musu abinsu. Ke ba ki san mutanen nan ba.”

“Ni da nake aunar su tsirara?”

“Ba ki gan su a taro ba,” in ji shi, ya koma kan tarkonsa.

Ranar Lahadin ƙarshe kafin biki, bayan an fito daga coci, ta bi dangi ɗaya ɗaya. Wasu suka ce Allah ya ba da sa'a, wasu suka ce 'ya'yansu na aiki a kamfanin Harlan. Goma sha huɗu suka ce za su zo. Magana kuwa ba ta kwana a Sainte Odile. Kafin Laraba mata biyu sun aiko an karɓe yadinsu ba ɗinki. Ranar Alhamis da azahar waya ta yi ƙara, ta ɗauka. Muryar namiji ce, ba ta san shi ba, yana magana cikin ladabi.

“Mis Ozemie? Ina dai tuna miki ne, gidanki na katako ne, kuma ya tsufa.”

Ya kashe. Ta tsaya riƙe da kan wayar har ya fara kuka. Ta zauna a kan kujerar keken ɗinki. Ta dubi rigunan mutane rataye a jere, an goge, suna jiran masu su. Ta yi tunanin ta bar maganar. Ta yi tunanin ta ɗauki almakashi ta bi ta kan rigar kwamanda. Daga ƙarshe ba ta yi ko ɗaya ba, ta jawo tutar gidan Durel ta ƙarasa ɗinke harafin ƙarshe. Ba ta gaya wa kowa zancen wayar ba sai Corinne, 'yar Alcide, ma'aikaciyar jinya, ita ma sai da ta sa ta rantse.

Safiyar Asabar, ranar biki, ta sa rigarta ruwan toka ta zuwa coci da farar hula. Tana buɗe ƙofa ta ga Alcide a bakin matakala, cikin baƙar kwat ɗin da yake zuwa jana'iza da ita, Corinne na tsaye bayansa tana kallon ƙasa.

“Rantsuwar 'yarki ba ta kai kwana biyu ba,” in ji shi. “Ba don ƙyallenki zan je ba. Don kada a ce an taɓa ki ina gida ina kallo a talabijin.”

Suka kama hanya a mota har suka kusa. Sannan ya ce, “Harlan ɗin naki yana wurin ranar da aka farfasa min gwiwa.”

Ta juyo. “Cikin masu duka?”

“A'a. Yana kan katangar teku a zaune, da kwalbar lemo a hannu. Shekararsa goma sha bakwai. Ina kwance muka haɗa ido. Ya san na gan shi.”

Bakin teku ya cika maƙil. An ja igiya tun daga katanga har bakin ruwa, 'yan kallo a bayanta, gidajen farko a gabanta, kowanne ƙarƙashin tutarsa. Iska na kaɗawa daga kudu, tutocin na fal-fal. Cikin goma sha huɗun da suka yi alkawari, shida ne suka zo. Da su uku, tara ke nan.

Matakala biyar ce daga katanga zuwa yashi. A ta ƙarshe Alcide ya tsaya cak. Ozemie na riƙe da hannunsa, ta ji yadda ya sandare kamar itace. Daidai nan aka buga igwa daga kwalekwale, bum, jama'a suka yi shewa, shi kuwa ya ɗaga hannu ya kare kansa. Zufa ta keto masa.

“Yaya, mu koma,” in ji ta, kuma har zuciyarta ta faɗa.

“Rufe min baki,” in ji shi. Ya kafa sanda a yashi, ya sauko.

Corinne ta ɗaga igiya suka sunkuya suka wuce. Taku talatin ne zuwa tutar Durel, Ozemie ta ji kamar mil ne. Hirar da ke gefen ta mutu. Mutanen da ta auna wa ƙugu da kafaɗa, sanye da ɗinkin hannunta, suna kallon ta kamar yau suka fara ganin ta. Suka tsaya a bayan na ƙarshensu.

Mis Lorraine, mai tsara layi, ta taho da sauri rungume da takardunta.

“Ozemie, wani abu ya yage ne? 'Yan kallo can baya suke.”

“Ba abin da ya yage, Mis Lorraine. Layinmu muka shiga.”

“Sunanku ba ya cikin takarda.”

“Yana jikin tuta.”

Lorraine ta ɗaga hannu, wani ɗan sanda ƙato ya taho, yatsunsa soke a ɗamara. Daga bayan igiya wani ya ɗaga murya, “Ku koma inda kuka fito!” Wata kuma ta ce, “Kai, yi mana shiru!” Ozemie ta shiga lalubo fuskokin maza, tana tambayar kanta wanne ne mai muryar waya.

“Mama, don Allah ku fita bayan igiya,” in ji ɗan sandan. “Ba na son in taɓa kowa.”

“To kada ka taɓa,” in ji Corinne. “Tsohon nan da kake gani, ka ja shi ya faɗi, a gaban kyamara zai faɗi.”

Ɗan sandan ya waiga. Gaskiya ne, ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoton talabijin ya fara juyo da na'urarsa. Ya ce to a jira shugaban kwamiti.

Suka jira. Kwalekwale ya ci yashi, maza suka diro cikin ruwa har gwiwa. Harlan ya kafa gicciye, ya karanta 'yan kalmomin Faransancin da ya haddace, aka tafa. Duk wannan Ozemie ba ta ji ba, numfashin yayanta kawai take saurare. Can sai ga Harlan ya nufo tutar gidansu don ya shige gaba, fuskarsa fara fat saboda jirin teku, takobi na dukan ƙafarsa. Ya hango su, tafiyarsa ta ragu.

Lorraine ta tare shi. “Harlan, ka yi musu magana. Na ce su fita sun ƙi, ga ganga za a fara.”

Ya zo har gabansu. Ya ce ƙasa-ƙasa, “Ozemie, na roƙe ki.”

“Na ji roƙonka, Harlan.”

Ya ji ta yar da “Mista” daga sunansa, na kusa ma sun ji. Ya buɗe baki, sai Alcide ya matso taku ɗaya. Tsayinsu ɗaya. Bai ɗaga murya ba.

“Yau ma zama za ka yi kana kallo, yaro?”

Ba wanda ya gane maganar sai su uku da Corinne. Harlan ya tsaya kamar an dasa shi. Ya dubi sandar, ya dubi gwiwar, ya kasa ɗago ido. Ganga ta fara, tutar gidan farko ta motsa, ta biyu ta bi.

“Harlan!” in ji Lorraine. “In sa a fitar da su ko kuwa?”

Ya ce wa ɗan sandan, “Ba wanda za a taɓa yau.” Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai ce su zo ba, bai ce su tafi ba. Ya juya musu baya ya wuce gaban tuta.

Aka ɗaga tutar Durel. Nan take mutum bakwai suka fice daga layi, wani dattijo ya cire hularsa mai kusurwa uku ya jefar a yashi. Sauran suka ƙara sauri, har fili ya buɗe tsakaninsu da mutum taran nan, filin da mota za ta iya wucewa. Haka suka hau titi. A wani wuri a tafa musu, a wani wuri a yi tsit. Wani ya jefo kofin takarda da ƙanƙara a ciki, ya faɗi gaban takalmin Ozemie, ta tsallake. Idonta na kan tutar, kunnenta na bayanta.

Rabin mil ne zuwa coci. A wajen gidan waya gwiwar Alcide ta ƙi. Ya tafi luu zai faɗi, Ozemie da Corinne suka tallabe shi, amma nauyinsa ya fi ƙarfinsu, ga masu tutar da ke bin bayansu sun matso. Sai wani daga cikin fararen Durel ya waigo, Buddy, bakaniken da ke gyaran injin jiragen kamun kifi, gajere mai ƙiba, gashin aron da aka ɗora masa ya karkace. Ya tsaya jim, ya dubi 'yan'uwansa da ke gaba, sannan ya dawo da baya.

“Mista Alcide, sa hannunka a wuyana. Ni ma takalman nan sun kusa kashe ni, mu lallaɓa tare.”

Alcide ya dube shi sama da ƙasa. “Kai ɗan wa ne?”

“Ɗan Raymond.”

“Ubanka bai taɓa iya ɗaure jirgi daidai ba,” in ji Alcide, ya ɗora masa hannu.

A matakalar coci mai sanarwa ya karanta sunaye ta lasifika, gida gida. Ya zo kan Durel ya karanta arba'in da ɗaya, har da waɗanda suka fice. Ya ja numfashi zai wuce gida na gaba. A cikin wannan ɗan shirun Alcide ya saki wuyan Buddy, ya miƙe.

“Alcide Durel,” in ji shi, “ɗan Honore, ɗan Theophile, ɗan Valsin, ɗan Etienne. Da ƙanwata Ozemie.”

Ba lasifika a bakinsa, iska kuma ta kwashe rabi. Waɗanda ke kusa ne kaɗai suka ji, ƙila mutum hamsin. Harlan na tsaye a sama, bai juyo ba. Mai sanarwa ya ɗan yi tari, ya ci gaba da gida na gaba. Sai a lokacin Ozemie ta lura ta cije leɓenta har ya yi jini.

Ba a ƙona gidan ba. Mako biyu Corinne na tilasta mata kwana a wurinsu, har ta gaji ta koma abinta, ba kuma ta taɓa sanin mai wayar ba. Jaridar gari ta buga hotuna shafi huɗu, a ɗaya ana ganin gefen farar hularta, ba suna. Shekarar da ta biyo baya kwamiti ya kai ɗinkin biki wani shago a New Orleans. Wasu gidaje suka daina kawo mata aiki, wasu suka dawo bayan an kwana biyu kamar ba a yi komai ba, don amare ba su da wata.

Alcide ya rasu a Nuwamban 2000. Buddy na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Harlan ya zo ya tsaya a ƙofar coci, bai shiga ba, ya tafi kafin a fito. Zaman da ya yi mata alkawari ba a taɓa yin sa ba. Bayan shekara uku, da ya sauka daga shugabanci, sabon kwamiti ya soke takardar sunaye, aka ce duk mai jin yana da gida ya bi tutarsa. Ozemie ta bi sau biyu, daga nan ta ce tafiyar ta yi mata nisa.

Guguwar 2005 ta share Bayan Ruwa har da gidanta. Corinne ta ɗauke ta zuwa Hattiesburg, inda ta yi shekara goma tana rage wa jikokin Alcide tsawon wando tana mitar ruwan famfon garin ba shi da daɗi. Can ta rasu tana da shekara tamanin da ɗaya, aka kawo ta gida Sainte Odile aka binne.